Sunan harshen Ido ba daga idonmu aka samo shi ba

Assalamu alaikum Malam Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida tamu mai farin jini, dan Allah ina roƙon ɗan fili in yi magana a kan wata kalma guda ɗaya tak mai harafi uku, wadda ta sa ni musu da wani abokina kusan sati biyu, har dai na ga gara in rubuto saboda na tabbata ba shi kaɗai ne mai irin wannan tunanin ba. Kalmar ita ce Ido, amma ba idon da muke gani da shi ba, sunan wani ƙirƙirarren harshe ne da wasu masana suka zauna suka tsara a Turai a 1907. Shi abokin nawa da ya ji sunan sai ya ce ai shikenan magana ta ƙare, daga Hausa suka ɗauka, tunda ma wai wanda ya fara harkar likitan ido ne, kaga kenan ya ji kalmar a bakin wani Bahaushe ta burge shi. Wallahi na so ace haka ne, domin babu wanda baya son a ce harshensa ya kai ko'ina, amma ba haka bane, kuma gaskiyar labarin ta fi wannan daɗi nesa ba kusa ba in mutum ya yi haƙuri ya bi ta.

Bara in fara da likitan idon, don nan ne abokina yake da rabin gaskiya. Eh akwai likitan ido a cikin labarin, sunansa Zamenhof, an haife shi a 1859 a garin Bialystok wanda yanzu yake cikin ƙasar Poland, lokacin kuma yana ƙarƙashin daular Rasha. Garin ya tara Yahudawa da 'yan Poland da Rashawa da Jamusawa, kowa da harshensa kowa na yiwa ɗan uwansa kallon hadarin kaji, shi kuma tun yana yaro ya sa a ransa cewa rashin jin maganar juna ne ke hura wutar. A 1887 a birnin Warsaw ya fitar da ɗan littafin harshen da ya ƙirƙira, bai sa sunansa na gaskiya ba sai ya sa Doktoro Esperanto, wato likita mai kyakkyawan fata, daga nan laƙabin ya bi harshen har yau ana ce masa Esperanto. Toh amma fa Esperanto ya ƙirƙira, ba Ido ba. Ido ya zo ne bayan shekara 20, kuma ba da son ran Zamenhof ba, hasali ma shi da mabiyansa sun ɗauki abin a matsayin cin amana. Saboda haka ko da a ce likitan ya taɓa jin Hausa, ba shi ya raɗa sunan ba balle a ce ya aro.

Yadda abin ya faru shine, a 1901 wasu Faransawa biyu, Louis Couturat masanin falsafa da lissafi da Léopold Leau, suka kafa wata tawaga da nufin a zaɓi harshe ɗaya da duniya za ta riƙa amfani da shi a matsayin na biyu, kowa ya riƙe na uwarsa amma in an haɗu a yi wannan. A watan Oktoba na 1907 kwamitin tawagar ya zauna a Paris, cikinsu akwai manya irin su Otto Jespersen masanin harshe ɗan ƙasar Danmak, da Wilhelm Ostwald Bajamushe masanin kimiyyar sinadarai wanda ya ci kyautar Nobel a 1909. Zamenhof bai je ba, sai ya wakilta wani Bafaranshe mai suna Louis de Beaufront ya je ya kare masa Esperanto. Ana cikin zaman sai ga wani kundi an ajiye wa 'yan kwamiti, na wani gyararren Esperanto, babu sunan marubuci sai kalmar Ido kawai a matsayin sunan ɓoye. Kwamiti ya ce ya amince da Esperanto amma da sharaɗin a yi masa gyara irin na wannan kundin, mutanen Esperanto suka ce basu san zancen ba, aka raba gari. A 1908 sai ga de Beaufront, shi dai wanda aka tura ya kare gida, ya fito ya ce shine Idon. Masu tarihi da yawa suna ganin Couturat yana da hannu dumu-dumu a rubutun kundin. Ka ji inda ɓacin ran ya samo asali, kuma ni dai a nawa ganin ba a kyauta wa Zamenhof ba ko da gyaran yana da kyau, wanda ka aika ya tsaya maka bai kamata ya shiga ɗaki da wata takarda a aljihu ba.

Yanzu ga ainihin kalmar. A Esperanto akwai ɗafa-ƙeya -id-, wato ɗan guntun da ake liƙawa a bayan saiwar kalma, mai ma'anar ɗa ko zuriya, kato kyanwa ce katido ɗan kyanwa, hundo kare hundido kwikwiyo. Sannan dokar harshen ta yarda ka ciro ɗafa-ƙeya ka tsayar da ita da ƙafarta ta zama kalma, kawai ka liƙa mata -o wanda shine alamar suna, kowane suna tilo da -o yake ƙarewa. Toh id da o sai suka ba da ido, ma'ana ɗa, abin da aka haifa. Mai kundin yana cewa ne wannan ɗan Esperanto ne, daga tsatsonsa ya fito. Har yau duk wani harshe da aka gina a kan Esperanto ana ce masa Esperantido. Kaga wasalin ƙarshen nan da ya sa kalmar ta yi kama da tamu ba ma cikin saiwar yake ba, alamar nahawu ce kawai, saiwar haruffa biyu ce, i da d.

Ita kuma -id- ɗin ba Zamenhof ya ƙago ta ba, nan ne wajen da ya fi burge ni. Daga Girkanci na da take. Girkawa in za su kira mutum da sunan ubansa sai su ƙara -ides, kamar yadda mu za mu ce ɗan wane ko Larabawa su ce ibnu ko banu. A tsoffin waƙoƙinsu ɗan Atreus shine Atreides, ɗan Kronos kuma Kronides. Latin ya ara, daga nan ta bazu cikin harsunan Turai, kuma mu da muka yi karatun tarihin Musulunci da boko mun sha cin karo da ita bamu lura ba. Daular Abbasiyawa da ta hau mulki a 750 har Bagadaza ta faɗi a 1258, Turawa Abbasid suke rubuta ta, wato zuriyar Abbas. Faɗimiyawan da suka gina Alƙahira a 969 suna ce musu Fatimid, zuriyar Nana Faɗima. Wannan -id ɗin na ƙarshe shine dai na cikin Ido, babu bambanci ko kaɗan. Haka 'yan makarantar da suka yi ilimin halittu, in sun tuna sunayen dangin dabbobi irin Felidae na su kyanwa da zaki da damisa, da Canidae na su kare da dila, wannan -idae ɗin ma gida ɗaya suka fito. Ashe kalmar da ake ganin an ƙirƙire ta a kan tebur a 1907 tana da kakanni da suka haura shekara dubu biyu da ɗari biyar.

Wani abu kuma da ba kowa ya sani ba, shi harshen Ido da kansa ya rage wa -id- aiki. Ya bar ta a kan zuriya da tsatso, kamar Izraelido ɗan zuriyar Isra'ila, amma ƙananan dabbobi sai ya basu -yun-, ɗan kyanwa ya koma katyuno, ɗan maraƙi bovyuno. Dalilinsu shine ɗa daban ƙarami daban, tsoho mai shekara 80 ma ai ɗan wani ne. Na ga hikima a nan sosai.

Mu dawo kan abokina. Da na kawo masa duk wannan sai ya ce toh amma ya aka yi suka yi kama haka harafi da harafi? Na ce masa kama da wane bata wane. Kalma mai gaɓa biyu, wasali baƙi wasali, sautukan da bakin ɗan Adam ke iya furtawa basu da yawa, harsunan duniya kuma sun kai wajen dubu bakwai, dole a yi ta karo. A Sifaniyanci ido na nufin ya tafi, daga aikatau ir. A Japananci ido rijiya ce. Shin za mu ce mutanen Japan ma daga wajenmu suka ara, ko mu muka ara daga wajensu? Idonmu na Hausa yana da nasa dangin a cikin harsunan Chadi 'yan uwan Hausa, can ya kamata a nemi asalinsa, kuma jam'insa idanu ko idanuwa ya nuna kalma ce 'yar gida da ta daɗe tana bin ƙa'idar harshen. Kafin a ce kalma kaza daga kaza take sai an nuna hanyar da ta biyo, wa ya kai ta, yaushe, ma'anar ta dace ko bata dace ba, sautin ya canza bisa wace ƙa'ida. A nan ma'ana bata haɗu ba, ɗa da abin gani ina haɗinsu, hanya ma babu, ga kuma takardun waɗanda suka raɗa sunan suna nan a ajiye sun faɗi abin da suke nufi.

Sai ya tambaye ni toh su me suke ce wa ido a harshen nasu, na ce okulo, jam'i okuli. Ita ma tana da labari. Daga oculus na Latin take. Abin lura shine 'ya'yan Latin duk sun tauna kalmar har ta canza kama, Faransawa suna cewa œil, Italiyawa occhio, mutanen Sifen ojo, in ka jera su ba za ka ce uwa ɗaya ta haife su ba. Jamusawa kuma Auge suke cewa, wadda 'yar uwa ce ta nesa. Toh wanne za a ɗauka kowa ya gane? Sai aka koma wa tsohuwar saiwar okul-, domin duk da ta ɓace a bakin mutanen kasuwa tana nan daram a kalmomin asibiti da na kimiyya, Bafaranshe ya san oculiste likitan ido, Ba'italiye da ɗan Sifen sun san oculista, Barashe ya san okulist, Bajamushe ya san Okular gilashin da ake kafa ido a jikin madubin likita. Kowa in ya ga okulo zai canka ko bai taɓa koyon harshen ba. Zamenhof ma okulo ya sa, masu Ido suka bar ta yadda take.

Wannan ita ce ƙa'idar da suka bi wajen zaɓen kalmomi gaba ɗaya, Jespersen ya taƙaita ta da cewa harshen duniya mafi kyau shine wanda ya fi sauƙi ga mafi yawan mutane. Suka ɗauki harsuna shida, Jamusanci, Ingilishi, Faransanci, Italiyanci, Rashanci da Sifaniyanci, duk saiwar da za a shigar sai an duba a cikin nawa take. In ka buɗe ƙamus ɗinsu za ka ga haruffa a gaban kalma, D E F I R S, kowane harafi na wakiltar harshe ɗaya, kalmar da ta samu duka shidan ta ci jarabawa da maki cikakke. Gaskiya ta wannan fuskar ban san wani harshe da ya kai shi sauƙin bin asali ba, kowace kalma tana yawo da takardar haihuwarta a hannu.

Da wannan ma'aunin suka yi wa kalmomin Esperanto da yawa tankaɗe da rairaya. Wadda na fi yarda da ita ita ce ta uwa. A Esperanto uba patro ne, uwa kuma patrino, wato an ɗauki uba an liƙa masa alamar mace. Haba, uwa guda a ce bata da sunan kanta sai an ratsa ta wajen uba? Ido ya ce a'a, matro, daga mater na Latin, ga Mutter ga madre ga mère duk sun shaida. Ya kuma gyara sauran, frato ɗan uwa ne ko mace ko namiji, in kana son ka fayyace sai ka ce fratulo ko fratino. Sai kuma ɗafa-goshin mal- wanda a Esperanto yake juya ma'ana, granda babba malgranda ƙarami, matsalar ita ce a kunnen Bafaranshe ko ɗan Sifen mal mugun abu yake nufi, sai Ido ya kawo mikra daga mikros na Girkanci don ƙarami, ya sa des- a inda ake buƙatar kishiya. Asibiti a Esperanto ana iya cewa malsanulejo, in ka warware ta mal kishiya, san lafiya, ul mutum, ej wuri, wato wurin marasa lafiya. Ido ya ce hospitalo kawai.

Amma a nan ne ni kuma na fara ja da baya, kuma shine abu na biyu da ya sa na ɗauki alƙalami. Mafi yawan mutanen da Jespersen yake magana su waye? Mutanen harsuna shidan nan ne, duka na Turai. Babu Larabci, babu Sinanci, babu Hindi, babu Farisanci ko Turkanci, balle a zo kan harsunan Afirka, alhali sunan abin harshen duniya. Hospitalo tana da sauƙi ne ga wanda ya riga ya san ta. Wanda bai san ko ɗaya cikin shidan ba sai ya haddace ta ɗungurungum, amma malsanulejo in ya san san da ƙananan gaɓoɓin nan zai harhaɗa ta da kansa. Duba makaranta, Esperanto lernejo yake cewa, lern koyo ej wuri, daidai da yadda muka gina makaranta daga karanta ko masauki daga sauka, Ido kuwa ya ce skolo. Kaga ta wannan wajen dabarar likitan ta fi kusa da yadda Hausa ke haihuwar kalmominta, kuma ta fi adalci ga wanda ya zo daga nesa. Abin yana min ciwo in na tuna manyan masana ne suka zauna, masu kyakkyawar niyya, Couturat ya ƙarar da ƙarfinsa da aljihunsa a kan mujallar Progreso da ya kafa a 1908, amma duniyar da suke hange bata wuce inda idonsu ya tsaya ba.

Sai dai kuma kalma bata neman biza. Larabcin da ba a gayyata zaman ba ya shigo ta bayan gida, domin harsuna shidan da kansu sun daɗe da cin bashinsa. Sukro a Ido, daga sukkar na Larabci, wanda shi ma ya karɓo daga Farisa, su kuma daga Indiya, ita ce dai sukari ɗinmu. Kafeo daga ƙahwa, ta bi ta Turkanci ta shiga Italiya, mu muka ce gahawa. Kotono daga ƙuɗun. Zero daga sifr, wadda Leonardo na Pisa ya rubuta zephirum a 1202 lokacin da yake koya wa Turawa lissafi da alƙaluman da ya koyo a Arewacin Afirka, bakin Italiyawa ya taune ta ta koma zero, mu kuma muka riƙe ta kusan yadda take, sifiri. Akwai wadda ta yi tafiyar ta ɗaya ɓangaren, sapono, daga sapo na Latin, ta gangara gabas ta zama sabun a Larabci sannan ta iso mana a sabulu. Ita ma hospitalo ɗin da nake ƙorafi a kanta, asalinta hospes na Latin mai nufin baƙo ko mai masauki, ta bi ta Ingilishi ta zo bakinmu ta zama asibiti. Waɗannan su ne 'yan uwantakar gaskiya tsakanin Hausa da Ido, kowacce ana iya bin sawunta zango zango, kuma abin mamaki ba su ne suka fi kama a ido ba, wa zai kalli hospitalo da asibiti ya ce jini ɗaya ne in ba an nuna masa ba? Wadda ta yi kama sak ita ce bare, waɗanda suka canza kamanni su ne dangi.

Ƙarshen harshen dai bai yi daɗi ba. Couturat ya rasu a hatsarin mota a watan Agusta na 1914 daidai lokacin da yaƙin duniya na farko ke ɓarkewa, tafiyar ta rasa jagora, Zamenhof ya rasu a 1917, Jespersen ma daga baya ya fitar da nasa harshen mai suna Novial a 1928. Har yanzu akwai masu jin Ido da rubutu da shi amma 'yan ƙalilan ne, uban, wato Esperanto, ya fi ɗan nasa jama'a nesa ba kusa ba.

Roƙona gare ka Malam Edita, dan Allah a ware mana ɗan gurbi ko sau ɗaya a wata a riƙa bin asalin kalmomi, a gayyato malaman harshe na jami'o'inmu su riƙa yi mana bayani da hujja, domin irin maganar abokina ta yi yawa, kullum sai ka ji an ce sunan ƙasa kaza ko birni kaza asalinsa Hausa ne don kawai sauti ya yi kama, yara kuma suna ɗauka suna maimaitawa a matsayin ilimi. Shi dai abokin nawa ya sauko a kan Ido, amma ya ce bai gamsu da zancen sabulu ba tukunna, wai ya aka yi n ta koma l kuma daga ina wasalin ƙarshen ya fito. Tambaya ce mai kyau, kuma da ita nake so a buɗe filin in an amince.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Wassalam,
naku mai karanta ku a kullum.